Kashi 30 Ɗin Nan, Me Za A Zuba Wa Ɗan Yauri A Ciki?

A watan Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatun digiri da ake kira CCMAS, wadda ta maye gurbin BMAS ta shekarar 2007. Abin da ya fi jan hankali a cikinta shi ne rabon da aka yi. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar a kowane fanni, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita da jama'ar da take zaune a cikinsu. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta nuna rashin amincewa, tana ganin tsara manhaja haƙƙin majalisar malaman kowace jami'a ne, kuma abin da aka bar musu ya yi kaɗan. Ƙorafin yana da tushe. To amma ko da kaɗan ne, kashi 30 na karatun shekara huɗu ya haura karatun shekara guda cur, kuma yana hannunmu.

Abin da ke damuna shi ne, duk inda aka zauna zancen gyaran koyarwa a jami'o'inmu, hira takan karkata zuwa kaya: kwamfuta nawa aka sayo, azuzuwa nawa aka liƙa wa allon zamani, yaushe intanet zai isa ɗakunan kwanan ɗalibai. Da wuya ka ji an tambayi abin da aka zuba a wannan gurbi da aka bar mana, balle a tambayi yadda aka gina kwas ɗin kansa daga makon farko zuwa ranar jarrabawa. Tambayoyin sun zo a birkice. Kamata ya yi malami ya fara sanin abin da yake so ɗalibinsa ya iya yi idan zangon karatu ya ƙare, da wurin da zai je ya yi shi, sannan ya waiwayi na'ura ya zaɓi wadda za ta kai shi can. Zan gwada wannan magana a kan ƙasar Yauri, wato Yauri da Ngaski da Shanga da garuruwan bakin tafkin Kainji, domin a nan ne giɓin ya fi fitowa fili.

Yaron da ya tashi a Yelwa ko Wara ko wani tunga na bakin ruwa, idan ya ci jarrabawar JAMB, galibi ɗaya daga cikin wurare huɗu yake nufa: Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta 2013, Jami'ar Aikin Gona ta Zuru ta 2020, ko kuma uwa ma ba da mama, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ke nan tun 1975. Babu ko ɗaya daga cikinsu a gaɓar tafkin. Abin da yake tafiya da shi na fasahar zamani bai wuce waya ɗaya ba, sau da yawa ta hannu ce da wani yayansa ya bar masa. Idan ya dawo hutu, cajin wayar ma sai ya kai shagon mai janareta ko mai sola, alhali madatsar Kainji da aka kammala a 1968, wadda aka girka wa injinan megawat 760, da ruwan da ke wucewa ta ƙofar gidansu take juyawa. Data kuwa, a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50. Duk malamin da ya tsara kwas bai sa wannan yaro a gabansa ba, wani ɗalibi na daban ya tsara wa, wanda ba ya cikin ajinsa.

Shekarar 2020 ta isa ta koya mana wannan. An rufe makarantu a watan Maris saboda korona, ASUU kuma ta shiga yajin aikin da ya kai Disamba, don haka yawancin jami'o'in gwamnati ba su ma shiga gwajin koyarwa ta intanet ba. Inda aka gwada, a nan gida da waje, abin da aka fi yi shi ne ɗauko lacca ta sa'a biyu a mayar da ita kan Zoom, a ɗauki handawut a mayar da shi PDF a jefa a zauren WhatsApp. Ɗalibin da ke da wuta da sabis mai ƙarfi ya saurara, wanda ba shi da su aka bar shi a baya, kuma ko wanda ya saurara ɗin, haddar nan dai ya yi ya zube a takardar jarrabawa. An sauya hanyar isar da saƙo, saƙon kuma yana nan yadda yake.

Masana harkar koyarwa sun daɗe da warware wannan ƙulli. A 1998 wasu Amurkawa biyu, Grant Wiggins da Jay McTighe, suka bayyana tsarin gina darasi daga ƙarshe zuwa farko: ka fara ƙayyade abin da ɗalibi zai iya, ka tsara gwajin da zai tabbatar maka ya iya, daga nan ne za ka zaɓi karatu da ayyukan da za su kai shi ga cin gwajin. John Biggs ma ya yi bayani makamancin haka game da jami'a tun 1996, cewa dole manufa da koyarwa da jarrabawa su fuskanci alƙibla ɗaya, domin ɗalibi abin da za a ba shi maki a kai yake koya, komai daɗin bakin malami. Akwai kuma hujjar alƙaluma. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa a Jami'ar Washinton suka haɗa sakamakon bincike 225 da aka yi a azuzuwan kimiyya da lissafi da injiniyanci. Inda lacca zalla ake yi, kusan kashi 34 na ɗalibai ke faɗuwa. Inda ake sa su aiki da hannunsu da tunaninsu a cikin aji, faɗuwar ta sauko zuwa kusan kashi 22. A ɗaya gefen, ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare na karkara kwamfutocin cinya masu ɗimbin yawa, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙarin komai a lissafinsu ko karatunsu ba. Kayan sun isa makarantu, yadda ake koyarwa kuma bai motsa ba.

Bari mu sauko ƙasa mu gina kwas guda, mu ga yadda abin zai kasance. A ɗauki ɗaliban aji uku a sashen nazarin kifi. Kamar yadda aka saba, malami zai karanto musu ma'anar ƙididdigar kifi, ya jero ire-iren kayan su, ya rubuta lissafin a allo, a ƙarshe ya tambaye su su maimaita. Yanzu a juya shi. Manufar kwas ɗin ita ce, idan zango ya ƙare, ɗalibi ya iya zuwa bakin ruwa inda masunta ke sauke kamu, ya ƙirga jirage, ya bambance mai taru da mai birgi da mai mamari da mai gura, ya gane giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu da ido, ya auna tsawonsu da nauyinsu, ya rubuta farashi, sannan ya fitar da bayani mai ma'ana a kan ko kamun yana ƙaruwa ko yana raguwa, ko kifin da ake kamawa yana kai girman haihuwa kafin ya faɗa raga. Da zarar an faɗi manufar haka, jarrabawar ta bayyana da kanta, domin rahoton aikin da ya yi a bakin ruwa ne za a duba. Kuma fasahar da ake buƙata ita ma ta bayyana, ga ta da araha: tef na awo, ƙaramin sikeli, da wayar da ke aljihunsa. Akwai manhajar waya kyauta mai suna KoboToolbox da ake cike bayanai a cikinta ko babu sabis, ta riƙe wurin da aka tsaya da hoton abin da aka gani, sai an shigo gari inda sabis yake a tura gaba ɗaya.

Amfanin wannan ya wuce ɗalibi ɗaya. Idan aji bayan aji suna zuwa wurare guda a lokaci guda kowace shekara, cikin 'yan shekaru sashen zai mallaki bayanan da babu kamarsu a ko'ina game da ɓangaren Kebbi na tafkin. Kuma akwai abin da za a gwada su da shi. Cibiyar Binciken Kifin Ruwa Mai Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa, wadda asalinta shirin binciken tafkin Kainji ne da aka fara a 1968, ta daɗe tana tara irin waɗannan bayanai, haka ma shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a tafkin da ya yi aiki a shekarun 1990. A zamanin wannan shiri ne aka yi ta fama da batun dala, ragar nan mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa, wadda ke kwaso 'ya'yan manyan kifaye tare da ƙananan da ake nema. A cikin aji, hana dala magana ce ta layi biyu. A bakin ruwa kuwa ɗalibi zai tarar da magidanci mai iyali da ya ci bashi ya sayi ragar, da matan da sana'arsu ke nan shanya abin da ta kamo, da Sarkin Ruwa da ke tsakiya yana neman yadda za a zauna lafiya. A nan ne zai gane dalilin da ya sa doka mai kyau a takarda takan gagara aiki. Ni da za a bi ta tawa, kashi ɗaya na makin kwas ɗin sai ɗalibi ya tsaya gaban masuntan da ya ɗauki bayanansu ya yi musu bayanin abin da ya gano da Hausa. Wanda ya iya wannan ya fahimci karatunsa, kuma masuntan sun ga ladar lokacin da suka ba shi.

Ɗaliban labarin ƙasa da na aikin gona su ma tafkin ya ajiye musu darasi. Kogin Kwara cika biyu yake yi a wannan yanki. Ta farko tana zuwa da ruwan damina na kusa, ruwa mai laka da ya yi fari-fari, wajen Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu ruwan tsaunukan ƙasar Gini ne da ya yi doguwar tafiya ta Mali da Nijar, ya zubar da lakarsa a hanya, ya iso cikin sanyin hunturu. Daga baya tafkin, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,200 idan ya cika, sai ya riƙa janyewa yana barin fili mai danshi da manoma da makiyaya ke rububi. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kyauta ne, suna sabuntuwa kusan duk kwana biyar, manhajar zana taswira ta QGIS ita ma kyauta ce. A nan kam ana buƙatar ɗakin kwamfuta mai wuta tsayayya, kuma ga dalilin sayensa a fili: ɗalibi zai zana iyakar ruwa wata bayan wata, ya je gonakin albasa da shinkafa ya tabbatar da abin da hoton ya nuna. Haka kuma hanyoyin jiragen ruwa. Ba a manta da hatsarin watan Mayun 2021 kusa da Wara ba, inda jirgi ɗauke da mutane fiye da ɗari ya nutse, hukumomi suka danganta abin da lodi fiye da ƙima. Su wa suka ƙirga jiragen da ke zirga-zirga ranar kasuwa, suka auna abin da kowanne zai iya ɗauka, suka sa alamar wuraren da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suke? Aiki ne da ɗaliban injiniyanci za su iya, tare da matuƙan da suka san ruwan.

Akwai aikin da ya fi waɗannan gaggawa. Lokacin da tafkin ya cika an tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu da tsibiransu, cikinsu har da Gungawa da Kambari da sauran mazauna bakin kogi. Wanda yake saurayi a 1968 yau ya haura saba'in. Su ne suka san sunayen gungun da suka nutse, da yadda ake noma a kansu, da yadda aka yi ƙaurar. Harshen Shanga, ɗaya daga cikin 'yan harsunan dangin Mande da ake da su a Najeriya, masu jinsa sai raguwa suke yi, Hausa na maye gurbinsa, harshen Gungawa ma yana fuskantar matsi irin wannan. Wayar ɗalibin tarihi ko na kimiyyar harshe ta isa ta naɗi muryar kakarsa da kyau. Abin da ya rage shi ne kwas da zai koya masa yadda ake neman izini, yadda ake tambaya ba tare da cusa wa dattijo amsa a baki ba, yadda ake rubuta abin da aka naɗa, da inda za a adana shi. Ƙasar nan ta san darajar irin wannan aiki. Farfesa Mahdi Adamu ɗan Ngaski, wanda littafinsa na 1978 a kan bazuwar Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma ya zama abin dogaro ga masana, da tarihin Yauri ta ƙarni na 19 ya fara bincikensa a Zariya, kafin daga baya ya shugabanci jami'ar Sakkwato.

Na san abin da malamin jami'a zai ce, kuma yana da gaskiya a mafi yawansa. Na farko tsaro. Bayan sace ɗaliban da aka yi a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021, babu shugaban sashen da zai cika mota da 'ya'yan mutane ya nufi ƙauye hankalinsa kwance. Wannan ma batun tsari ne. Ba sai an kwashi aji guda an kai wuri ɗaya ba. Ɗalibai da dama 'yan yankin ne, suna komawa gida hutu, an san iyayensu, sai a haɗa su rukuni-rukuni kowa ya yi aiki a inda aka san shi, da sanin mai gari, a kuma cire duk wurin da ake da shakku a kansa. Rukunin yana warware wata matsalar ma, ta wanda ba shi da babbar waya.

Na biyu yawan ɗalibai da ƙarancin lokaci. Malami ɗaya da ɗaruruwan ɗalibai, ga kundayen masu kammalawa, ga ƙarin girma da aka rataya a kan yawan maƙalun da ya wallafa, babu mai tambayar yadda ya gyara kwas ɗinsa. A nan ne fasaha ke da taimako na gaske idan an san abin da ake nema. Bayanin da malami ke maimaitawa kowace shekara yana iya naɗe shi da murya, minti goma-goma, domin sautin minti goma ba ya cin data ko kusa da abin da bidiyon sa'a guda ke ci, ɗalibi ya sauke sau ɗaya ya yi ta saurare. Matar aure da ke karatu tana reno ta fi kowa cin moriyar wannan. Manhajar Moodle, wadda take kyauta tun fitowarta a 2002, ana iya girka ta a kwamfuta guda cikin harabar jami'a da sola, ɗalibai su shiga ta wayarsu ba tare da sun sayi data ba, ta kuma duba ƙananan gwaje-gwajen mako da kanta. Lokacin da aka samu sai a mayar da shi ga muhawara da duba aikin fili. Sai dai a yi hattara da jarrabawar kwamfuta ta zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu, wadda ta bazu a jami'o'i bayan JAMB ta koma kanta gaba ɗaya a 2015. Tana da amfani a manyan azuzuwan shekarar farko, amma idan ta zama ita kaɗai ce ma'auni har aji huɗu, hadda za a ci gaba da yi, ko da kuwa a gaban allon kwamfuta ne.

Wani sabon dalili ya ƙara shigowa. Tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022, aikin gida irin na “kawo ma'anar kaza, ka jero amfaninsa biyar” ya tashi daga aiki, domin waya za ta rubuta shi kafin malami ya fita daga aji. Wasu malamai sun koma farautar masu satar amsa, abin da ba zai ƙare ba. Amma tsawon tarwaɗar da aka sauke a Yelwa makon jiya, da abin da wata tsohuwa a Shanga ta faɗa game da auren zamaninsu, babu na'urar da ta san su sai ɗalibi ya je ya ɗauko. Idan ya ɗauko, to ya yi amfani da na'urar wajen gyara Turancinsa ko duba lissafinsa, babu laifi, a ma koya masa yadda zai gane inda ta yi masa ƙarya.

Gyaran kwas irin wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila da aka kafa a 1969 ta yi suna ne saboda kowane kwas ƙungiya ce ke gina shi, malaman fanni da edita da masanin dabarun koyarwa da ma'aikatan BBC, su ɗauki watanni suna aiki kafin ɗalibi ya gan shi. Mu ma muna da asusun TETFund da ke kashe kuɗi a kan gine-gine da kayan fasaha da horar da malamai. Gini ana ganinsa, ana yanka masa kirtani ranar buɗewa, shi ya sa ya fi shiga rai. Ina roƙon a ware wani abu, ko yaya yake, don a sauke wa malamai uku ko huɗu nauyin koyarwa na zango guda su zauna su sake gina kwas biyu, kuma a lissafa musu wannan aiki ranar ƙarin girma kamar yadda ake lissafa maƙala.

Wurin zama ma akwai shi. Kwalejin share fagen shiga jami'a ta jiha da ke Yelwa za ta iya ba da ɗaki guda da za a sa wa sola da kwamfutoci kaɗan, ya zama masaukin ɗaliban Aliero da Birnin Kebbi da Zuru da Sakkwato idan sun zo aikin fili, inda za su yi caji, su tura bayanai, su ajiye sikeli da tef. Yarjejeniya da cibiyar Sabuwar Busa za ta buɗe musu tsofaffin bayanai da ƙwararrun da za su duba aikinsu. Masarautar kuwa ba baƙuwar jami'a ba ce, tun da Mai Martaba Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya hau gadon sarauta a 1999. Ranar da wani sashe zai zauna bitar kashi talatin ɗinsa, a aika wa Sarkin Ruwa da shugaban matuƙa jirage da wakiliyar mata masu banda kifi takardar gayyata, a tambaye su abin da suke so wanda ya yi digiri a kan sana'arsu ya iya yi musu, a rubuta amsar kafin a buɗe takardar farashin kwamfuta.